Kama da wane ba ta wane: Shankara, Nagarjuna da masu cewa "duk kanwar ja ce"

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ɗakunan malamai da wuraren laccar ƙungiyoyinmu na al'adu, duk lokacin da hira ta biyo ta kan ƙasar Indiya. Sai wani ya gyara zama ya ce: ai masu hikimar Gabas abu guda suke faɗa, Hindu da mabiya Buda a suna kawai suka bambanta, dutse ɗaya ne, kowa ya hawo ta gefensa, a ƙololuwa za a gamu. Mai wannan magana yakan ji ya yi adalci, ya girmama kowa. Ni kuwa ban san rainin da ya kai wannan ba. Mutane sun shafe sama da shekara 1000 suna gardama, suna wallafa littattafai don rushe hujjar juna, sai kai ka zo rana tsaka da ɗan littafin aljihu na Faransanci, ka shaida musu cewa ba su fahimci kansu ba, duk kanwar ja ce.

Kada wani ya ce abin bai shafe mu ba. Tun 2020 sunan Nagarjuna ya shiga jerin marubutan da aka yarda a karanta a darasin falsafa na ajin tarminal a Faransa, tare da Ibnu Sina, kuma littattafan can suna isowa hannun ɗalibanmu. Wayar salula ta cika da masu koyar da "zaman natsuwa" da suke dama Wedanta da Zen a ƙwarya ɗaya. Ranar da za a buƙaci faɗin waɗannan abubuwa da Hausa, a aji ko a rediyo, mu za a tambaya. Kalmar da muka zaɓa ita za ta zauna.

To mu fara da kalmomin, tunda sana'armu ce. Hindu sun fi cewa moksha, daga tushen da ke nufin saki ko kwancewa, kamar yadda ake kwance dabba daga turke. Mabiya Buda suna cewa bodi, daga tushen da ke nufin farkawa daga barci, kuma nan sunan Buda ya samo asali, wato farkakke. Suna kuma cewa nirwana, mutuwar wuta idan makamashi ya ƙare. Kowane ɓangare yakan ari kalmar ɗan'uwansa jefi-jefi, amma hoton da ke cikin kowace kalma daban ne. Turawan Ingila na ƙarni na 19 suka tattara su ƙarƙashin kalma guda mai ma'anar haskakawa, wadda da ita ce kuma suke kiran zamanin su Voltaire. Faransanci ya ɗan fi tsantseni, yana da éveil da délivrance, ko da yake illumination tana nan tana ɓata ruwa. Mu kuma harshenmu yakan zame zuwa "wayewa". Ka ce wa yaro ɗan lise Buda ya waye a gindin bishiya, abin da zai ji shi ne mutumin ya shigo birni ya koyi ɗaura agogo.

Shankara ya rayu a wajen ƙarni na 8 miladiyya. Al'adar mabiyansa ta ce an haife shi a Kaladi, cikin Kerala ta kudancin Indiya, ya kuma rasu yana da shekara 32. Abin da ya tabbata nasa ne shi ne sharhin da ya yi wa Brahma Sutra da manyan Upanishad da Bagawad Gita. Koyarwarsa, wadda ake kira Adwaita Wedanta, ba ta da kwana-kwana a tushenta. Akwai tabbatacce guda tak, Brahman, sani tsantsa wanda ba ya farawa, ba ya ƙarewa, ba ya sauyawa. Ainihin mutum, atman, shi ne wannan Brahman ɗin, babu ragi babu ƙari. Jiki da tunani da fushi da murna duk abubuwan kallo ne, atman kuwa shi ne mai kallon, mashaidin da ba a iya juyowa a kalle shi. Ciwon ɗan Adam jahilci ne na musamman: ɗora wa abu sifar da ba tasa ba. Misalin da makarantarsa ta fi so shi ne na mai tafiya da almuru da ya ga igiya a hanya ya zaci maciji ne. Tsoronsa na gaske ne, gumin da ya keto masa na gaske ne, amma da aka kawo fitila babu macijin da aka kashe, don dama babu shi. Igiya kuwa tana nan, tun farko ita ce a wurin.

Akwai wani labari kuma da suke bayarwa. Mutum goma suka ƙetare kogi, suka tsaya su ƙirga kansu. Kowa ya ƙirga sai ya sami tara, don yana mance kansa. Suka zauna kukan wanda ruwa ya ci, har wani matafiyi ya zo ya nuna wa mai ƙirgar cewa shi ne na goman. Ba a tsamo kowa daga ruwa ba. Saboda haka Shankara ya dage cewa aiki, ko layya ce ko wace irin ibada, ba ya haifar da moksha, don abin da aka ƙera yana lalacewa. Aiki yana share zuciya, sani kaɗai ke kwance ɗauri, kuma sanin yana zuwa ta jin maganar Upanishad daga bakin malami, da juya ta a hankali, da zama a kanta. Wanda ya sami haka ya kuɓuta tun yana raye. Jikinsa yana ci gaba da tafiya kamar kibiyar da ta riga ta bar baka, sai ta kai inda ƙarfinta ya ƙare.

Yanzu a ajiye wannan a gefe, a saurari ɗaya ɓangaren. Buda ya riga Shankara da fiye da shekara 1000. A wa'azinsa na biyu, a Sarnat kusa da Banaras, ya ɗauki abokan zamansa biyar ya bi da su cikin abin da ake kira mutum gaɓa-gaɓa: jiki, jin daɗi ko zafi, gane abu, ƙudurorin zuciya, da sani. Kowanne ya nuna yana sauyawa, kowanne bai cancanci a ce "wannan ni ne" ba. A lura, sani ma yana cikin jerin. Daga baya littafin tambayoyin sarki Milinda ya kawo misalin keken doki: sarki ya ce da keke ya zo, malami Nagasena ya tambaye shi ko ƙafafun ne keken, ko sandar ja, ko mazaunin. Babu ko ɗaya, kuma babu wani keke ɓoye a bayansu. "Keke" suna ne da muke ba haɗuwarsu, yana da amfani, ana hawa a je kasuwa, amma iyakarsa ke nan.

Nagarjuna, wanda ya rayu wajen ƙarni na 2, ya ɗauki wannan wuƙa ya bi da ita kan komai. A babban littafinsa mai babi 27 ya bi tafiya, lokaci, wuta da makamashinta, Buda kansa, har nirwana, yana nuna babu abin da ke tsaye da zatin kansa. Kowane abu yana samuwa ne ta dogaro da wasu. Wannan shi ne shunyata. Marubutan Buda ma suna amfani da misalin igiya da maciji, sai dai ba su tsaya inda Wedanta ta tsaya ba. Sun ce: madalla, fitila ta kori maciji, yanzu matso da ita kusa da igiyar. Ashe zaruruwa ne aka murɗe. Warware zaren, wasu ƙananan ne. Igiyar da ka jingina da ita don ka kori maciji ita ma suna ce. Mai gaggawa zai ce to ai shunyata ɗin ita ce Brahman da wani suna, ita ce gindin da komai ya zauna a kai. Nagarjuna ya toshe wannan ƙofa da hannunsa. Ya ce shunyata ita ma ba ta da zatin kanta, magani ce ta wanke ra'ayoyi, kuma wanda ya mayar da ita ra'ayi ya riƙe ya fi kowa wuyar warkewa. Ya kwatanta ta da macijin da aka kama ba daidai ba, wanda ke juyowa ya sari mai kamun.

Ga bambancin a fili. Wajen Shankara, idan aka kwashe duk abin da ke sauyawa, akwai abin da ya rage, kuma kai ne shi. Wajen Nagarjuna, neman abin da zai rage ɗin shi ne ƙishirwar da ke ɗaure mutum. Har kalmomin da suke kiran kansu da su ba ɗaya ba ne, kamar yadda masanin Indiya T. R. V. Murti ya nanata a littafinsa na 1955. Adwaita tana nufin babu na biyu, ɗaya ne kawai. Adwaya ta mabiya Buda tana nufin kauce wa gefe biyu, "akwai" da "babu", ko kuwa, a makarantar Yogacara ta su Asanga da Wasubandu, rushewar rabuwa tsakanin mai kamawa da abin kamawa. Faransanci ya lulluɓe su duka da non-dualité, mai karatu kuma ya wuce bai ji tuntuɓe ba.

Turai ta taɓa yin kuskuren ta ɗaya gefen. A ƙarni na 19 malamai irin su Barthélemy-Saint-Hilaire sun koyar da cewa addinin Buda bautar babu ce, son halaka ne, kuma Roger-Pol Droit ya ba da tarihin wannan firgici a littafinsa na 1997. Jiya an ce Buda mai wa'azin rami ne, yau an ce Shankara ne da ya sake riga. Dukansu hanyoyi ne na kauce wa karanta shi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma masu ɗakin nan sun san juna sarai. Tun ƙarni na 6 Bawiweka, na makarantar Nagarjuna, ya keɓe babi guda don bayyana Wedanta da mayar mata da martani. A ƙarni na 8 Shantarakshita, babban malamin Nalanda wanda ya je Tibet ya taimaka aka kafa gidan ibadar Samye, ya duba masu bin Upanishad ya ce laifinsu ɗan kaɗan ne, wato cewar da suka yi sani madawwami ne. Masu "kanwar ja" suna son rabin farko na wannan hukunci. Su karanta rabin na biyu, inda ya nuna cewa idan sani ɗaya ne ba ya sauyawa, to babu yadda za a yi ɗaurarre ya zama kuɓutacce, horon kai kuma ya zama wahalar banza. Ɗan ƙaramin laifin nan shi ne dukan gardamar.

Shankara bai kai shi ladabi ba. A sharhin Brahma Sutra ya bi makarantun Buda ɗaya bayan ɗaya. Ga masu cewa komai na ɗan lokaci ne ya kawo hujjar tuni: wanda ya ce "abin nan da na gani jiya shi nake gani yau" dole ya kasance shi ne na jiyan, in ba haka ba wa ke tunawa? Hujja ce mai nauyi, kuma su Darmakirti sun sha fama da irinta. Ga masu cewa babu komai sai sani ya ce farke da mafarki ba ɗaya ba ne. Makarantar Nagarjuna kuwa ya sallame ta da ƴan kalmomi, wai ba ta cancanci a ɓata lokaci a kanta ba, ya kuma kwatanta koyarwar Buda gaba ɗaya da rijiyar da aka haƙa cikin rairayi, ko'ina ka taɓa sai ta rufta. A nan, a ganina, Shankara ya yi sakaci, don ya ɗauki shunyata a matsayin "babu komai", abin da Nagarjuna ya riga ya musanta. Amma ko sakacin nasa shaida ce: mutumin bai ga ɗan'uwa a can ba.

Abin dariya, shi ma bai tsira ba. Baskara, da mabiyan Ramanuja da na Madwa daga baya, sun zarge shi da cewa mabiyin Buda ne a ɓoye, don ya mayar da duniya ruɗi. Zagi ne suke nufi, ba yabo ba. Ramanuja, a ƙarni na 11 zuwa na 12, ya koyar da cewa rai ba ya narkewa, yana dawwama cikin ƙaunar Wishnu. Madwa a ƙarni na 13 ya ce bambancin rai da Ubangijinsa na har abada ne. A Kashmir kuma, wajen shekara ta 1000, Abinawagupta ya yarda babu na biyu, amma ya ƙi yarda duniya ruɗi ce, ya ce wasan ikon Shiwa ce, tabbatacciya. Gidan Hindu kansa bai taɓa zama da murya ɗaya ba, balle a haɗa shi da maƙwabci.

Ba zan ɓoye hujjar abokan gardamata ba, don suna da ita, kuma ta fi wadda suka saba kawowa ƙarfi. Gaudapada, wanda al'ada ta ce malamin malamin Shankara ne, ya rubuta babi na 4 na baitocinsa da kalmomi da dabarun mabiya Buda, har masana suka yi ta muhawara ko shi wane ne. A ɗaya gefen, akwai nassoshin Mahayana da ke cewa kowane mai rai yana ɗauke da ƙwayar Buda, tsarkakakkiya, dawwamammiya, kuma Mahaparinirwana Sutra ba ta ji kunyar kiranta atman ba. A Tibet, Dolpopa (1292–1361) ya koyar da cewa gaskiya ta ƙarshe wofi ce daga ƙazanta amma cike take da sifofinta. Wanda ya karanta shi bayan ya karanta Shankara zai ji kamar ya san muryar. Duk wannan gaskiya ne. Maƙwabta ne da suka ci kasuwa ɗaya shekaru aru-aru, da harshe ɗaya na Sanskirit, a fadar sarakuna ɗaya. Hausa ta ari ɗaruruwan kalmomi daga Larabci, ba ta zama Larabci ba.

Abin lura shi ne abin da ke faruwa duk lokacin da wani ya matso kusa da iyaka: ƴan gida ne ke fara ihu. Lankawatara Sutra ta tsaya ta bayyana cewa ƙwayar Buda ba atman ɗin sauran makarantu ba ce, dabara ce ta jawo waɗanda maganar rashin kai ke firgitawa. Tsonkapa (1357–1419) ya yi wa ra'ayin Dolpopa raddi, kuma a tsakiyar ƙarni na 17, zamanin Dalai Lama na 5, aka karɓe gidajen ibadar makarantarsa ta Jonang a tsakiyar Tibet, aka kulle allunan buga littattafanta. Akwai siyasa a ciki, kuma kulle littafi ba abin yabo ba ne ko a ina, amma ba a kulle littafin wanda kuke faɗin abu ɗaya da shi. A Japan, Dogen, a rubutunsa na 1231, ya kira ra'ayin cewa jiki na mutuwa amma wani sani mai haske na dawwama da sunan ɓatan Senika, ya ce ba koyarwar Buda ba ce. A shekarun 1980 wasu malaman Japan biyu, Hakamaya da Matsumoto, suka sake tayar da maganar, har suka ce koyarwar ƙwayar Buda ɗungurungum baƙuwa ce a gidan. Ko an yarda da su ko ba a yarda ba, iyakar tana nan, masu gadinta ba su yi barci ba.

Sauran mafaka guda ta rage wa masu dutse ɗaya. Sukan ce: wannan duk rigimar malaman takarda ce, a can ƙololuwa babu magana, abin da aka ɗanɗana ɗaya ne, bayan an sauko ne kowa ke fassara shi da harshen garinsu. David Loy ya kare wannan ra'ayi da gwaninta a 1988, Steven Katz kuma tun 1978 ya ce babu ɗanɗanon da ba a riga an jiƙa shi da tarbiyyar mai ɗanɗanawa ba. Ni tambayata ta fi tasu sauƙi. Wa ya ba da labarin ƙololuwar? Almajirin Wedanta ya yi shekaru ana koya masa ya gane mashaidi a bayan kowane tunani. Almajirin Buda ya yi shekaru ana koya masa ya nemi mashaidin nan ya ga ba ya samuwa. Wanda ya ce inda suka isa ɗaya ne yana da'awar ya tsaya a wani wuri sama da su biyun, ya leƙa zuciyar kowanne. Wannan ba tawali'u ba ne.

Kuma ko da an yarda akwai wani hali na natsuwa da dukansu ke shiga, ba shi ne suke kira kuɓuta ba. Nassoshin Buda na farko sun san wani mataki da suke kira fagen sani marar iyaka, suka lissafa shi cikin masaukan hanya. Sun ce Buda ya koyi matakan da suka fi wannan zurfi wajen malamansa biyu, Alara Kalama da Uddaka Ramaputta, ya ƙware, ya bar su don bai ga ƙarshen wahala a can ba. Shankara ma bai ɗauki sumewar tunani a matsayin moksha ba, ya ce mai barci mai nauyi yana tashi da jahilcinsa. Wajen su biyun, kuɓuta sanin yadda abu yake ne. Ɗaya ya ce abin da za ka sani shi ne akwai dawwamammen kai, ɗaya ya ce abin da za ka sani shi ne babu shi. A aji, ɗalibin da ya rubuta cewa waɗannan jimloli biyu ma'anarsu ɗaya, mun san makin da muke ba shi.

Daga ina wannan ra'ayi ya zo mana? Yana da tarihi, kuma ba tsoho ba ne sosai. Dara Shiko, ɗan sarki Shah Jahan kuma mabiyin Ƙadiriyya, ya rubuta Majma'ul Bahraini a 1655 don daidaita sufanci da Wedanta, ya sa aka fassara Upanishad zuwa Farisanci a 1657, ƙanensa Aurangzeb ya kashe shi a 1659. Wannan fassara ce Anquetil-Duperron ya mayar Latin a 1801 da 1802, Schopenhauer ya karanta ya haɗa ta da Buda cikin falsafarsa. Sai Wiwekananda a taron addinai na Shikago a 1893, sai Radakirishnan, wanda ya zama shugaban Indiya daga 1962 zuwa 1967, yana koyar da cewa Buda ya ci gaba ne kawai da aikin Upanishad. Sai Aldous Huxley a 1945, sai Frithjof Schuon a 1948. René Guénon, wanda ya rasu a Alƙahira a 1951 kuma wasu daga cikinmu suke ji da shi, ya fara da ɗaukar addinin Buda a matsayin bauɗiya, sai da Coomaraswamy da Marco Pallis suka ja hankalinsa ya sassauta.

A duba yadda waɗannan mutane suke siffanta ƙololuwar da suka ce ta kowa ce: ɗaya, dawwamammiya, sani tsantsa, ainihin kai. Wannan ai Wedanta ce. Dutsen da aka ce na kowa ne ashe yana da mai shi, sauran an ba su masauki ne a gindinsa. Dabarar ma tsohuwa ce, don wasu littattafan Purana sun daɗe da mayar da Buda ɗaya daga cikin bayyanar Wishnu, wanda ya zo, in ji su, don ya ruɗi miyagu su bar Weda. Irin haɗin kan da kura take yi da akuya ke nan.

Wanda yake ganin wannan wasan kalmomi ne ya tambayi Ambedkar. Shankara, a sharhin nan dai na Brahma Sutra, ya goyi bayan hana ƴan ajin Shudra karatun Weda, ko da yake ya bar musu ƙofar littattafan tarihi da Purana. Ambedkar, ɗan waɗanda ake ƙyamar taɓawa, wanda ya shugabanci kwamitin rubuta tsarin mulkin Indiya, ya yi shekaru yana auna addinai. Ranar 14 ga Oktoba 1956, a Nagpur, ya shiga addinin Buda tare da dubban ɗaruruwan mutanensa, ya ɗora musu alkawura 22, ɗaya daga ciki shi ne ba za su taɓa yarda Buda bayyanar Wishnu ba ne. Je ka gaya wa jikokinsu cewa gidan da suka baro da wanda suka shiga ɗaya ne. Ban kawo wannan don in ba wani ɓangare kambi ba. Narayana Guru, a Kerala, da Adwaita ɗin nan ya yaƙi wariyar asali, yana cewa in atman ɗaya ne wa ya isa ya ƙyamaci wani. A Siri Lanka kuwa, babbar ƙungiyar malaman Buda da aka kafa a 1753 ta keɓe naɗinta ga ƴan asali guda. Kowace koyarwa an yi alheri da ita, an yi tsiya da ita. Amma wanda bai san akwai biyu ba, ba zai ma iya bin wannan labari ba.

Saura namu tarkon. Bahaushe mai ilimin zaure yana da kalmomi a shirye: fana'i, baƙa'i, wusuli, ma'arifa. Hannu yakan kai gare su da sauri, a ce nirwana ai fana'i ce. A wurin sufaye bawa ne ke gushewa a gaban Ubangijin da ke wanzuwa, kuma bawa bawa ne ko ya kai ina. Nagarjuna bai yarda da Mahalicci ba sam. Shankara ya yarda da bauta, amma ya ajiye rabuwar mai bauta da abin bauta a matakin da sani ke shafewa. Wanda ya yi amfani da fana'i a nan ya zalunci mutum uku a jimla ɗaya, har da sufin. Muna da abin koyi da ya fi Huxley. Albiruni ya koyi Sanskirit, ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci, kuma wajen 1030 ya rubuta littafinsa kan Indiya da niyyar ya faɗi abin da mutanen suka ce yadda suka faɗe shi. Yakan kwatanta su da Girkawa da sufaye, amma yakan kawo kalmarsu ta asali ya bayyana ta kafin ya kwatanta.

Ga abin da nake ba abokan aiki shawara, su gyara in sun sami wanda ya fi. Moksha a ce kuɓuta, ko kwancewa. Bodi a ce farkawa, a bar wayewa ga masu wayar da kan jama'a. Nirwana a bar ta da sunanta, a bayyana hoton wutar da ta mutu don itace ya ƙare. Shunyata kada a ce banza, kada a ce babu, don can ne Barthélemy-Saint-Hilaire ya faɗa. "Rashin zatin kai" ta fi tsawo amma ba ta ƙarya. Atman ce mai wuya. Rai ba ta yi ba, don rai yana fita. Kurwa ta ja mu wajen mayu, ruhi kuma halitta ce a wurinmu, atman ɗin Shankara kuwa ba a halicce shi ba. A rubuta atman a allo yadda yake, a ba yara labarin mutum goma da kogi, a bi shi da keken Nagasena, sannan a tambaye su ko Nagasena zai yarda akwai na goman.